Wurin da ba a zana ba, wa zai biya diyyarsa? Maganar kawa da bakin tekunmu

Tun da gwamnatin Tinubu ta ƙirƙiro ma'aikatar harkokin teku a 2023 kusan kullum sai ka ji wani babba yana lissafo arzikin da ke kwance a ruwan Najeriya, tashoshin jiragen ruwa, gas, yashi, otal-otal, ga kuma titin nan na Legas zuwa Kalaba mai wajen kilomita 700 da aka fara a 2024, kowa da nasa biliyoyin. Ni dai ban ƙi ko ɗaya ba. Amma da za a tambaye ni me za a fara kashe wa kuɗi zan ce taswira. Taswirar hanyar jirage kam sojojin ruwa na yi, har sabon jirgin awon ruwa suka karɓo a 2021. Wadda nake nufi ita ce ta abin da ke da rai a bakin ruwan, ina kawa take, wato halittar ruwan nan mai ɓawo da ake ci, ina dajin mangurof ya tsaya, wato bishiyoyin da ke tsirowa a cikin ruwan bakin teku, ina tabon da mata ke tsintar dodon koɗi, ina kifi ke ƙyanƙyasa, sannan, kuma nan ne kan maganar, mutanen wane ƙauye ne ke ci daga kowane wuri.

Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska, mu da teku ko a mafarki. To busasshen jatan landen nan da ake dakawa a zuba a miya ko a ɗanwake ya tashi kan gida da ƙamshi, daga ina kake zaton yake zuwa? Daga su Oron a Akwa Ibom ake lodo shi buhu-buhu zuwa kasuwanninmu, kuma a mahaɗar kogi da teku yake rayuwa. Ruwan da ke ciyar da wajen ma ta ƙofar gidanmu ya wuce, Neja ta Yawuri da Jebba, Binuwai ta Yola, su haɗu a Lakwaja su gangara, kuma tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968 wani kaso na laka da yashin da ke gina Neja Delta a bayan dam yake kwanciya. Muna ciki tsundum, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Ita kawa halitta ce mai ɓawo biyu, ba ta tafiya. Tana 'yar mitsitsiya ruwa ke yawo da ita mako biyu zuwa uku, sai ta sami wani abu mai tauri ta manne, shikenan nan za ta ƙare rayuwarta. Abin da ta fi son mannewa a kai kuwa ɓawon wata kawar ne, saboda haka 'ya'ya su hau kan iyaye, jikoki su hau kan 'ya'ya, shekara ɗari, ɗari biyu, ɗari biyar, har abin ya zama tudu guda a cikin ruwa wanda jirgi kan iya karo da shi. Abincinta tace ruwa take yi, ta zuƙo, ta riƙe ƙananan halittu da datti, ta fesar da sauran, babba guda ɗaya kan iya tace har lita 190 a rana idan komai ya yi mata daidai, kodayake a zahiri ba kullum take kaiwa haka ba. Tudun nata yana karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta ci gaɓa, kuma a cikin lungunansa ƙananan kifaye da ƙaguwa da jatan lande ke ɓuya har su yi ƙwari. A 2011 wasu masana ƙarƙashin Michael Beck suka fitar da lissafin da har yau ake ambato, cewa kusan kashi 85 cikin 100 na irin waɗannan tuddai a duniya sun ƙare. Yawancinsu kuwa sun ƙare ne babu wanda ya taɓa auna su, sai dai a ji a bakin tsofaffi.

Inda aka auna, a duba abin da ya faru. A gabashin Amurka akwai wani makeken bakin ruwa da ake kira Chesapeake, jihohin Maryland da Virginia ne suka raba shi. Wajen 1884 Maryland kaɗai tana fitar da kawa kwando miliyan 15 a shekara da irin kwandon awonsu, jiragen ƙasa na kwasa zuwa ko'ina, kuɗi na shigowa kamar ba gobe. Rigima kuma ta ɓarke tsakanin talakawan masunta masu ɗibar kawa da wata doguwar awartaki daga cikin ƙaramin kwalekwale, da masu manyan jirage da ke jan manjagarar ƙarfe a ƙasan ruwa tana kankare komai, babba da ƙarama da ɓawon da 'ya'ya za su manne a kai. Abin ya kai Maryland ta kafa rundunar 'yan sandan kawa a 1868, eh, 'yan sandan kawa da bindigoginsu, kuma har ƙarshen shekarun 1950 ana harbe-harbe a kan ruwan nan ana rasa rai.

A cikin wannan hayaniyar ne Virginia ta ɗauko wani ma'aikacin safiyo mai suna James Baylor a 1892 ta ce ya shata duk inda kawa ke fitowa da kanta. Abin da ya burge ni a aikin, ba shi ya zauna ya yanke ba, mutanen kowace gunduma ne suka nuna masa inda suka sani shi kuma ya ja layi. Layukan ba su yi daidai ɗari bisa ɗari ba, wasu wuraren an haɗa da tabo zalla, wasu masu kyau an bar su a waje, masana sun daɗe suna faɗin haka. Amma sai aka ɗaure taswirar da doka, tsarin mulkin jihar ya ce waɗannan wurare ba a sayar da su ba a ba da hayarsu, amana ce ta jama'a, kuma har yau da sunan mutumin ake kiran filayen, mai kuɗi na iya karɓar hayar ƙasan ruwa ya yi kiwon kawarsa amma a wajen layin Baylor. Maryland ta yi nata tsakanin 1906 da 1912 ƙarƙashin Charles Yates, kuma kayan aikinsu zai ba ka dariya, sarƙa suke ja a ƙasan ruwa an ɗaura mata waya, mutum yana cikin jirgi riƙe da wayar, in sarƙa na kan tabo sai ya ji lum, da ta hau ɓawon kawa sai ya ji gurzarta a tafin hannunsa, ya yi magana a rubuta.

Taswirar ta ceci kawar? Ba ta cece ta ba, gaskiya ɗaya ce. Kwasa ta ci gaba, cututtuka biyu suka shigo a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, dattin gonaki da birane ya ƙaru, har kawar Chesapeake ta koma wajen kashi 1 cikin 100 na yadda take da. Wani masani Roger Newell ya lissafa a 1988 cewa a da kawar wajen na iya tace ruwan bakin tekun gaba ɗaya cikin kwana 3 zuwa 6, a zamaninsa kuma sai an yi kusan shekara. Amma ka lura, ya iya yin wannan lissafin ne don akwai awon da. Kuma da suka tashi gyara, a yarjejeniyar 2014 da suka ce za su farfaɗo da kawa a rassan kogi 10, ba lalube suka yi a duhu ba, tsofaffin taswirorin nan suka ɗauko suka haɗa da na'urar da ke aika sauti ƙasan ruwa ta karanta amsar, suka san inda za a zuba ɓawo da duwatsu a dasa iri. A wani reshe da ake kira Harris Creek kaɗai an gyara wajen eka 350.

Inda abin ya fi yi min ciwo shi ne wajen diyya. A 2010 rijiyar man BP ta fashe a tekun Meksiko, mutum 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana tsiyaya. Da aka zo lissafin ɓarna gwamnatin Amurka ta iya cewa kawa tsakanin biliyan 4 zuwa sama da biliyan 8 aka rasa, saboda jihohin wajen sun daɗe suna auna filayen kawarsu, kuma a ƙarshe aka daidaita a kan dala biliyan 20.8. Mu dawo gida. A 2008 bututun Shell ya fashe sau biyu a Bodo, ƙasar Ogoni a jihar Ribas, mai ya shiga ƙoramu ya kashe mangurof. Shekaru aka yi ana musu a kan ko ganga nawa ce ma ta zuba, sai da mutanen suka kai ƙara har Landan kafin a 2015 aka biya fam miliyan 55, masunta 15,600 kowa ya tashi da wajen fam 2,200. Ban ce taswira kaɗai ce ta raba su ba, malalar Amurka ta fi girma nesa ba kusa ba kuma kotunsu da gwamnatinsu na da haƙora. Amma tambayar farko da lauyan kamfani zai yi maka ita ce, me ke wurin kafin man ya zuba, ina shaidarka? Bodo ma sa'a suka ci, wani malamin jami'ar Fatakwal, Nenibarini Zabbey, ya riga ya yi shekara biyu yana ɗibar samfurin halittun tabon ƙoramar kafin malalar, sai ya zama akwai abin kwatantawa da bayan ta. Shi ne daga baya aka ba shi shugabancin aikin tsaftace ƙasar Ogoni, aikin da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Ƙoramu nawa ne a Neja Delta suka yi dacen samun ɗan bincike kafin bala'i ya sauka?

Ga kuma dokar filaye ta 1978, wadda ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, in an karɓe fili diyyar abin da ka gina ko ka shuka ake biyanka. To matar da kakanninta ke shiga ƙorama ɗaya suna ɓamɓaro kawa daga saiwar mangurof me ta gina, me ta shuka? A idon takarda daji ne ba mai shi. Mu 'yan Arewa bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba, mun gani a burtali. Kowa a gari ya san hanyar shanu, ya san makiyaya da mashaya, har doka aka yi a 1965, amma a cikin makiyayu sama da 400 da ake lissafawa a ƙasar nan waɗanda aka sa a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, ba su kai rabi ba, sai wannan ya ɗan ci kamu ɗaya, wancan ya kafa gida, wani mai ƙarfi ya zagaye ɗaruruwan eka, da rigima ta tashi kowa ya rantse wajen na kakansa ne, dattawan da suka san iyakar kuma sun kwanta dama. Sakamakon muna cikinsa, ba sai na faɗa ba.

Sai dai akwai maganar da masu adawa da wannan ra'ayi ke yi kuma ba zan raina ta ba. Suna cewa taswira makami ce, kuma mai ƙarfi ne ke fara ɗaukarta. Ka zana inda kifi ya fi taruwa, ka sa a intanet, wa zai riga zuwa, mai kwalekwale ko mai jirgin jan raga? Ka nuna inda yashi mai kyau yake, gobe injin haƙa ya sauka. Kuma masunta ko'ina a duniya ba sa son faɗin wurin sirrinsu, suna da hujja. A Legas mun ga yadda aka rushe wani ɓangare na Makoko a 2012, aka tashi Otodo Gbame tsakanin 2016 da 2017, mutum wajen 30,000 aka watsa wasu suka kwana a kwalekwale, kuma waɗanda suka yi hakan ai ba rashin sanin wurin ya dame su ba, sun san shi sarai, sun san darajar bakin ruwan a kasuwar filaye.

Amsata ita ce mai ƙarfi ya riga ya mallaki tasa taswirar. Kamfanin mai ya san kowace ƙorama da bututunsa ya ratsa, mai haƙar yashi ya yi awonsa, ɗan kwangila ma haka. Talaka ne kaɗai ke zuwa wajen shari'a da baki zalla. Shi ya sa a 2019 matasan Makoko da kansu suka shiga kwalekwale da wayoyi, da taimakon wata ƙungiya mai suna Code for Africa da ƙananan jirage marasa matuƙi, suka zana unguwarsu, makarantu da asibitoci da mashigai, don kada a sake cewa ba kowa a wurin. Abin dubawa kawai shi ne wa ya riƙe alƙalami lokacin zanen, kuma wane haƙƙi aka ɗaura wa layin bayan an ja shi.

Wanda ya fi burge ni a nan kusa ne, Gambiya. A bayan Banjul akwai dausayin mangurof da ake kira Tanbi, hekta dubu 6 da 'yan kai. Mata ne ke aikin kawa a wajen, in ruwa ya janye su tuƙa ɗan kwalekwale su kutsa cikin saiwoyi, hannu a naɗe da tsohuwar safa saboda ɓawon yanka yake kamar reza, da ɗan gatari suna ɓamɓarowa, su dawo su turara a rabin duro, su ɓare, su zauna bakin titi suna sayarwa da gwangwani, ɓawon kuma a tara a ƙona a yi farar ƙasa. Da kowa tasa ta fisshe shi ake yi, wasu har saiwar suke sarewa gaba ɗaya don sauri, kawa na ta ƙanƙancewa, tafiya na ƙara nisa. A 2007 wata mata Fatou Janha Mboob ta fara haɗa kansu a ƙungiyar TRY, suka kai mata sama da 500 daga ƙauyuka 15. Suka zauna suka shata wace ƙorama ce ta wane ƙauye, wace ce ta kowa, wace za a bari ta huta, a 2012 gwamnati ta sa hannu ta ba ƙungiyar haƙƙin kawar Tanbi ita kaɗai. Su da kansu suka yanke cewa wata 4 za a riƙa ɗiba, Maris zuwa Yuni, sauran 8 a rufe. Ka yi tunanin talaka ta yarda ta ajiye sana'arta wata takwas, ai ba za ta yi ba sai ta tabbata abin da ta bari ya girma ita za ta dawo ta tarar. A Ghana ma masu kawar bakin kogin Densu kusa da Accra sun bi sahu da nasu watannin hutun.

Najeriya ce ke da dajin mangurof mafi girma a Afirka, gaɓar tekunmu kilomita 853, kuma irin wannan kawar ce dai ta saiwa ake ci a Ribas da Bayelsa da Akwa Ibom. Kayan aiki ba su ne matsala ba yanzu. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat kyauta ne tun 2008, na Sentinel na Turai ma kyauta, duk kwana 5 yana sake wucewa kuma yana ganin abin da ya kai faɗin mita 10, akwai ma taswirar mangurof ta duniya da aka haɗa da na'urar Japan mai ratsa gajimare, wadda ke nuna canji tun daga 1996. Amma duk waɗannan kan bishiya suke gani. Kawa na ƙarƙashi manne da saiwa, ruwan kuma gauraye da laka ba a ganin ƙasansa, rabin shekara ma hadari ya rufe sama. Ga wani tarko kuma, akwai wani irin kaba na bakin ruwa da ake kira nipa da aka shigo da shi Kalaba a 1906, ya bazu yana cinye wurin mangurof musamman inda aka sare ko mai ya kashe, shi kuma ba shi da irin saiwoyin nan masu tsayawa a ruwa da kawa ke kamawa. Mutumin da ke ofis a Abuja in bai ƙware ba zai ga kore shar a kwamfuta ya ce alhamdulillahi daji na nan, alhali matan wajen sun daɗe da daina shiga don ba abin ɗiba.

Saboda haka dole a sauka ƙasa, a shiga tabo har gwiwa. Muna da cibiyar binciken teku a Legas tun 1975, muna da hukumar sararin samaniya da ta harba tauraronta na farko a 2003, ga jami'o'i a Fatakwal da Kalaba da Uyo cike da ɗaliban da ke neman abin rubuta kundin digiri. A ba su kuɗin mai da kwalekwale da wayoyi masu nuna wuri, a haɗa kowane ayari da matan da ke aikin a biya su kuɗin yininsu kamar yadda ake biyan kowane ƙwararre, don su ne suka san sunan kowace ƙorama da lokacin da ruwa ke janyewa. Wurin da ƙauye ya ce sirrinsa ne a shata iyakarsa kawai ba sai an bayyana abin da ke ciki ba. Kowane shafi a sa masa kwanan wata, a sake awo duk bayan 'yan shekaru, a buga a gazet ɗin jiha yadda alƙali zai karɓa, a ajiye kwafi a fadar dagaci da ofishin ƙaramar hukuma ba a durowar wani darakta kaɗai ba. Majalisun jihohin bakin teku kuma su ƙara layi ɗaya a dokokinsu, cewa duk wurin da taswirar ta nuna ana ɗibar kawa ko dodon koɗi, ba a ba da lasisin haƙar yashi ko cike ruwa a cikinsa sai an zauna da masu shi, in kuma an ɓata shi a biya su kamar yadda ake biyan mai gona.